Ciyawar Filin Idin Madina

Maamobi, Ankara
4 ga Agusta, 1986

Zuwa ga matata Adiza,

Gaisuwa mai yawa da begen ganinki. Yaya jikin Inna, yaya mutanen Bawku? Ni lafiyata lau, ban da tuwon saye da ya ishe ni.

Albishirinki. Makarantar Islamiyya ta unguwar Madina, nan Ankara, na neman direban tarakta, kuma aikin har da ɗaki. In na samu, kin bar zaman gida kin taho, don shekara biyun nan ta gallabe ni. Sharaɗinsu ɗaya: in yanke ciyawar filin Idi kafin Babbar Sallah, dattawa su gani su yaba.

Taraktar ta girme ni. Injin yankan yana rataye a bayanta da hannuwan ƙarfe biyu, kowanne da notin da ake murɗawa ya hau ko ya sauka. Kwana biyu ina ba su kananzir kafin tsatsa ta sake su.

Dattawan ne matsala. Alhaji Kadiri, shugaban makarantar, ya ce a bar ciyawa yatsu biyu kawai, goshi ya sami ƙasa a sujada. Baba Moro mai sayar da raguna, wanda shi ya kawo ni, ya ce taƙi guda, don ragunansa a nan suke kiwo. Kin san ni da kunyar manya. Da Alhaji ya zo ya tsaya ta dama, na murɗe hannun dama ƙasa har ya gyaɗa kai. Da Baba Moro ya zo ta hagu, na ɗaga na hagun har ya sa min albarka. Ba wanda ya zagaya ya duba ɗaya gefen.

Yanzu injin ya karkace kamar hular ɗan gaye. Zan daidaita shi da sun ba da baya. Ki sa Inna ta yi min addu'a.

Mijinki,
Gafaru

Madina
18 ga Agusta, 1986

Adiza tawa,

Barka da Sallah, da fatan kun ci nama lafiya, Inna kuma ta ji sauƙi.

Ban daidaita komai ba. Na ɗora sifana ke nan ta karye, notin ya kafe. Ga shi dattawan biyu sun shimfiɗa tabarma gindin mangwaro wai sai sun ga fara aiki. Na yi bisimilla na hau, na bi jikin katangar gabas, tarakta na tari ina tari.

Da na gama na waiga, sai na ga ɓarna. Fili duk layi-layi, nan ƙwal kamar askin jariri, nan tsiri, tun daga wannan kai har wancan. Alhaji ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Na koma Maamobi a tsaye cikin motar haya ta trotro, ina shirya yadda zan gaya miki ki ƙara haƙuri. Wallahi har ƙwalla na yi.

Ranar Idi na laɓe a sahun ƙarshe. Kin san yadda ladani ke shan wahala kowace shekara, yana ihu da Hausa, da Twi, da Dagbani a gyara sahu, ba mai ji. Bana bai buɗe baki ba. Kowa ya zo sai ya dasa ƙafa jikin tsirin, goshinsa ya sauka inda na aske. Sahu ya miƙe kamar an ja igiya, har na mata. Bayan huɗuba liman ya sa aka nemo ni, ya ce bai taɓa ganin direba mai tunanin addini irina ba. Na sunkuyar da kai, mutane suka ce tawali'u ne.

Alhaji yana cewa shawararsa ce, Baba Moro yana cewa tasa ce. Jiya wani makaniki daga unguwar Nima ya leƙo ya ce zai miƙar min da injin kyauta, na raka shi har bakin titi ban bari ya taɓa ba.

Makullin ɗakin yana aljihuna. Ki hau motar Litinin mai zuwa, zan jira ki a tasha. Amma don Allah takardar nan ki karanta ke kaɗai, kar ki kai wa Malam Hudu ya karanta miki kamar kullum, yana da ƙani a Madina.

Ki gaida Inna da kowa.

Naki har kullum,
Gafaru