Sunan Mai Rijiya

Batsari, 9 ga Yuli

Zuwa ga ƙanwata Surayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yarmu Mahfuza. Allah ya ƙara muku lafiya a Ingila. Mu nan lafiya lau, damina ta zauna, gero ya kai gwiwa.

Na karanta takardun da kika aiko har sau uku. Na yi mamakin yadda dangin mijinki suka bi littattafan coci har suka kai ga wani masaƙin ulu da aka haifa shekara ɗari huɗu baya, da sunansa da ranar aurensa. Da na ga gefenmu a zanen asalin dangi da Mahfuza ta yi, ya tsaya a kan Kaka Mani, sai na ji kunya ta kama ni.

Ranar Asabar na hau babur na je ƙauyenmu Zakka da littafina. Duk dattijon da na tambaya sunan mahaifin Kaka Mani, sai ya ce Mai Rijiya, don shi ya haƙa rijiyar bakin kasuwa. Sunan yanka kuwa babu mai tunawa sai kakarmu Hansai, matar Kaka Mani. Ta ce shekara sittin da wani abu ba ta taɓa kama sunan surukinta ba, ba za ta fara yau don takardar Turawa ba. Ta tsufa sosai, Surayya, ko kunu sai an riƙe mata. Na ga in ta tafi, sunan ya tafi.

Sai na zauna kusa da ita, na riƙa jero sunayen maza a hankali. Tana ta tsintar wake, ba ta kula ni ba. Da na ce Abdurrahim, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce in tashi in ba ta wuri, ba ni da kunya.

Na rubuta shi, amma da fensir, don ban ji daga bakinta ba, kuma ina tsoron ko na matsa mata. Ki gaya wa Mahfuza yadda aka same shi kafin ta sa biro.

Matata Nazifa da ɗanmu Tayyib suna gaishe ku. Kaka ma ta ce a gaishe ki, amma ni har yanzu ba ta amsa gaisuwata.

Yayanki,
Abubakar Siddiƙ