Ranar da Na Kai Ɗari Uku

Demsawo, Jimeta

Zuwa ga 'yata Zuhra,

Bayan sallama, yaya jego, yaya mutanen Mubi? Labarin haihuwar Nu'uman ya iso, farin ciki ya hana ni zama. Na rasa wanda zan gaya wa, sai mai keken da ke kai ni asibiti.

Ina lafiya, kada karkacewar rubutun nan ta dame ki. Ragowar ƙwayoyin ƙarin jininki na awo da kika aiko mini, na riƙa haɗa su da maganin karkarwata kowace safiya. Karkarwar ta dawo, har kofin shayi ya gagare ni. Likita ta ce sinadarin ƙarfen da ke cikinsu ne yake tare maganin, ta dakatar da su. Ba laifinki ba ne, Allah ya yi miki albarka.

Hannun ya fara kwanciya. Wanda ya koyi riƙe biro da furfura a ajin yamma ba ya gaggawa. Tun gudun hijirarmu ban ɗauki jariri ba, shi ya sa kullum nake gwada ɗaukarsa da filo ina ƙirgawa. Jiya na kai ɗari bai faɗi ba. Ranar da na kai ɗari uku zan shigo mota.

Mahaifinki,
Bobboyi