Sunan Karen Jalo

Gwarzo, farkon damina.

Zuwa ga ƙanina Jalo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Uwaliya da yara. Yaya jikin Inna, yaya idon nata? Yaya dabbobi, yaya shuka? Mu nan sai godiyar Allah.

Na rubuto ne saboda ba ka ɗaukar wayata. Ko ka ɗauka ma ka san ni, sai na zauna da biro nake sanin abin da nake nufi. Ƙanwarmu Lailatu ta biyo ta shago ranar kasuwa, ta gaya mini an kwance maka raguna a turke, Allah ya mayar da alheri. Ta ce ka samo ɗan kwikwiyo wajen mafarautan Garo don gadi, baƙi mai farin ƙirji, kuma yara suna ta gardama kan sunansa, har ɗanka Muhsin ya dage sai an sa masa sunan wani ɗan ƙwallon Turai.

Na san ba ka tambaye ni ba. Na rubuta na yage, na sake rubutawa, daga baya na ce ai ba laifi wa ya ba ƙaninsa shawara. Kada ku sa masa sunan mutum, ko da na Bature ne. Irin su Duna da Durwa kuwa sun yi yawa, ka kira ɗaya uku su taso. Sunayen habaici irin Ba-ruwanka, maƙwabta za su ɗauka da su kake. A ganina sunan wuri ya fi, don wuri ba ya jin haushi, ba ya kai ƙara gaban mai unguwa. Ga Guzuguzu, dam ɗin da muke kai shanu shan ruwa muna yara. Ga Magaga. Ko Marke, saboda itacen nan na bakin gonar marigayi Baba.

In ka ga shisshigi ne, ka yi haƙuri. Ka gaida Inna, ka ce ina nan tafe da zarar cinikin taki ya lafa.

Naka yayanka,
Muntari.

*

Garo.

Malam Muntari,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Lukuman direba ya kawo takardarka, na karanta wa yara sun sha dariya. Rabonka da gidan nan tun bara, ashe maganar kare ce za ta motsa biro.

Na karɓi shawara, tunda kai ka yi boko mu muka yi kiwo. Ka ce sunan wuri, wuri ba ya jin haushi. Na sa masa Getso. Gari ne mai albarka, ga gero ga wake, kuma garin su Inna ne. Gajere ne, yana da daɗin kira daga nesa. Har ya fara kaɗa jela.

Inna tana nan. Kullum da yamma sai ta lallaɓo bakin danga ta tambaya ko Getso ya zo, ni da nake kawo mata ruwa da itace in ce bai zo ba. Yanzu in ta tambaya sai in ce ga shi can kwance a gindin rumbu.

A sayar da taki a hankali.

Jalo.

*

Gwarzo.

Ƙanina Jalo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan Inna tana samun sauƙi.

Na karanta takardarka a tsaye, na zauna na sake karantawa, ina neman inda za ka ce wasa kake yi. Ban samu ba.

Ka sani, na kuma san ka sani, amma bari in rubuta don kada gobe a ce ban faɗa ba. Ni ne ɗan farin Inna. Tun ranar da aka raɗa mini suna ba ta taɓa furta shi ba, ba kuma za ta furta ba har ta koma ga Allah, haka ta tarar uwarta tana yi. Ko wani Muntarin ta gani sai ta ce mai sunan wane. A Getso ta haife ni lokacin da ta je goyon ciki gidan iyayenta, shi ya sa take ce mini Getso, kuma duk duniya ita kaɗai ke kirana haka. Ba ta goye ni a gaban mutane ba, ba ta taɓa yaba ni ba. Kai da Lailatu kun hau cinyarta, ta kira ku da sunanku. Ni wannan kalma guda ita ce rabona, ba ni da wata.

Ban ce ba ka da abin jin haushi ba. Gwarzo zuwa Garo ba nisa ba ne, kuma ban cika zuwa ba. Amma in na zo me nake tararwa? In durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Na kan dawo ina tambayar kaina ko zuwan nawa ma takura mata yake yi. Wataƙila ba hujja ba ce. Ka zage ni, ka haɗa ni da dattawa, na yarda. Amma ka canja sunan nan. Kwikwiyo ne, nan da nan zai saba da wani.

Don darajar Baba da ke kwance, Jalo.

Yayanka,
Muntari.

*

Garo.

Malam Muntari,

Salamu alaikum. Na tambayi liman, ya ce bai san hani ba ga sa wa kare sunan gari. Kai ma haka ka rubuta, takardar tana nan na adana.

Ka ce rabonka kalma guda. Nawa rabon bokiti ne da gatari, da ɗora ta a bayan babur zuwa asibitin Kabo, Uwaliya tana riƙe da ita ta baya. Ranar da ta faɗi a makewayi ni na ciccibo ta, kayana duk suka ɓaci. Tana buɗe ido ba ta ce sannu Jalo ba. Ta ce a gaya wa Getso.

To yanzu akwai Getso a gidan, ba ya fashin kwana, ba ya jiran ciniki ya lafa. Kada ka ƙara sa mini Baba a magana, ni na haƙa kabarinsa kafin motarka ta iso.

Jalo.

*

Gwarzo, tsakiyar damina.

Zuwa ga ƙanwata Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidan da yara, yaya Kabo, yaya ruwa? Na so in biyo ta wajenki da na taso daga Garo, amma ba na son ki ga fuskata a ranar.

Na je kamar yadda kika ba ni shawara. Tun daga bakin hanya na jiyo Muhsin yana ƙwala kiran sunan, yana cewa ya saki takalmin nan, ɗan banza. Yaron bai san komai ba, ban riƙe shi ba. Jalo yana kaifafa fartanya a ƙofar gida, ya amsa sallamata bai ɗago ba, sai ya yi fito karen ya zo ya shinshina ƙafata. Ya ce da shi, gaida takwaranka.

Na shiga wajen Inna. Kin san da, ko ba ta dube ni ba, takan ce Getso ne? In ce ni ne. Wannan karon ta ji muryata, ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ɗaga murya ta ce da Uwaliya a kawo wa baƙo fura.

Da ɗakin ya rage mu biyu sai na yi abin da har yanzu ban san ko daidai ne ba. Na ce, “Inna, tunda an ɓata wancan, ki kira ni da sunana. Sau ɗaya, ba kowa a nan.”

Ta ce, “Ashe boko har kunya yake cinyewa. Da furfurata kake so in zubar da abin da uwata ta bar mini?”

Sai na tashi. Na yi mata sallama ta ce a sauka lafiya, kamar yadda take ce wa mai tallan manja.

Na duba littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, na ga a wannan ranar kuɗin mota kawai na iya rubutawa. Ki gaya mini gaskiya, ni na jawo da shawarata, ko dama Jalo yana neman hanya ne? Kada ki yi masa magana, zai ƙara taurin kai.

Yayanki,
Muntari.

*

Kabo, bayan yankan gero.

Yaya Muntari,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka su Indo. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, na rasa ta inda zan fara ne. Na kwana biyu a Garo wajen sussuka, abin da na gani shi zan gaya maka, in ka so ka ji daɗi in ka so ka yi kuka, ni dai na yi duka.

Bayan tafiyarka Inna ta daina fita bakin danga, ta daina ambaton sunan sam. Uwaliya ta ce wata rana da hantsi karen ya zo ya kwanta nesa kaɗan da tabarmarta yana haki, sai suka ji ta ce, Getso, matso inuwa, rana ta yi zafi. Tun daga ranar bakinta bai huta ba. Ba ta taɓa shi, ka san ta da tsarki, amma ƙanzon tukunya nasa ne, naman da Jalo ke sayo mata ranar kasuwa sai ta tsotse romon ta jefa masa. Tana tambayarsa ko ya ci, tana ce masa ya rame, tana yi masa faɗa in ya daɗe a daji. Da kunnena na ji tana yi masa kirari har da sunanta na yanka, wai Getso na Asta, na gaban goshi, kowa ya zo a bayanka ya zo. Yaya, tun da nake ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba.

Na matsa kusa na ce, “Inna, kare ne fa.”

Ta ce, “Idona ne ya mutu, ba hankalina ba. Kare ai ba a jin kunyarsa.”

Matan unguwa har leƙowa suke yi. Shi kuwa gogan naka Jalo ya zama abin tausayi. In ta fara sai ya ɗauki sanda ya fita, ko bai gama cin tuwo ba. Shekaranjiya ya jefi karen da dutse ya gurɗe masa ƙafa, Inna ta ƙi cin abinci har dare, ta ce wanda ya taɓa Getso ita ya taɓa. Dole ya tsugunna ya ɗaure masa ƙafar da tsumma tana sauraro.

Ka tambaye ni ko kai ka jawo. Ni ban sani ba. Ku biyun dai tun kuna yara ba ku iya raba ko rake ba tare da kuka ba.

A gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Lailatu.

*

Garo.

Yaya,

Salamu alaikum. Da fatan kana lafiya da iyali.

Na san Lailatu ta rubuto maka, bakinta ba ya riƙe ruwa. To ka ci. Na gwada kiransa Guzuguzu, ko waiwayowa bai yi ba. Na hana yara kiran sunan, amma ita wa zai hana ta? Da, sau ɗaya take ambatonka da yamma. Yanzu tun daga asuba har a ɗaure shanu. Ni da nake tsaye cikin rana ina yi mata noma, ban taɓa jin ta ce in matso inuwa ba.

Masu sayen karnuka suna zuwa ranar kasuwa da motarsu. Zan ba su shi. Amma in ta ji ni ne, ba za ta yafe mini ba, kuma ba na son ta tafi da fushina. Ka zo a ranar. Mu haɗa baki mu ce ya bi mafarauta ya ɓata. In kai ka faɗa za ta yarda. Sunanka ya dawo hannunka, ni kuma in samu barci. Ai abin da ka roƙa ke nan.

Ƙaninka,
Jalo.

*

Gwarzo.

Jalo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da iyali.

Ba zan yi mata ƙarya ba. In karen nan ya ɓata, ni zan durƙusa gabanta in faɗi wanda ya sayar da shi da motar da aka sa shi. Kai ka raɗa, kai za ka saurara. Na duba zuciyata in ga ko don ita nake yi ko don in ƙuntata maka, na tarar da duka biyun, ban kuma ji zan fasa ba.

Lukuman zai ba ka ƙullin maganin kaska da na tsutsar ciki. Ka ba shi yadda aka rubuta, ina so ya yi tsawon rai.

Zan zo Juma'a da hantsi. Kada ka gaya mata, in ta san ina nan za ta yi shiru. Ka sa a shimfiɗa mini tabarma a bayan ɗakinta, inda ake jin magana.

Ka huta lafiya, in ka iya.

Muntari.