Hedimasta a Ajin Mahaifiyarsa

Ajo, Arizona, 3 ga Maris, 1994

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Ba zan yi kwana-kwana ba: na faɗi jarrabawa. Kin san a jihar nan duk malami ko shugaban makaranta sai ya ci jarrabawar tsarin mulkin ƙasa da na jiha. Da na dawo daga New Mexico shekara uku aka ba ni in ci ta, na yi ta cewa gobe. Na shiga ban buɗe littafi ba, wai ni haifaffen ƙasar nan ne. Saura zama ɗaya, a watan Mayu. In na sake faɗuwa, takardar shaidata ta mutu, kujerata kuma ta zama ta wani.

Don Allah kada Inna Remedios ta ji.

Ɗanki,
Anselmo

Somerton, 9 ga Maris

Anselmo, Chemo ɗana,

Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Tabarauna ya karye, Remedios ce ta karanta mini wasiƙarka, don haka duk layinmu sun ji.

Hedimasta guda! Ni da na tsaya a aji uku, a gonar latas na haddace tambaya ɗari ta jarrabawar zama ɗan ƙasa, ina yanka ina maimaitawa, har na zama 'yar ƙasa. Ranar rantsuwata ka ce kana da taron malamai. Abin ya yi mini ciwo, yau dai na faɗa.

Ga katunana na haddar tambayoyin nan cikin ambulan. Na jihar kuma na aro littafinsa a laburare. Duk mako zan aiko tambaya goma, ka maido amsa. In ka leƙa littafi zan gane.

Allah ya yi maka albarka,
Mahaifiyarka, Eulalia

Somerton, 12 ga Afrilu

Chemo,

Muna lafiya. Shida cikin goma, abin kunya. Kana zaune a garin haƙar ma'adinai, ba ka san sufeton ma'adinai zaɓensa ake yi ba?

Tambaya ta bakwai kuwa, buɗe kunnenka. Kafin Arizona ta zama jiha, mutanenta sun rubuta a tsarin mulkinsu cewa jama'a na iya tsige alƙali da ƙuri'a. Shugaban ƙasa ya ce ba jiha sai sun goge. Suka goge, aka ba su jiha, shekarar ba ta ƙare ba suka mayar da abinsu. Dariya na yi har wake ya kama a tukunya. Ashe irin taurin kaina gare su.

Sake rubuto duka.

Mahaifiyarka

Ajo, 27 ga Mayu

Mamana,

Gaisuwa mai yawa, har da Inna. Na ci! Da sakamakon ya iso rufe ofis na yi, na yi kuka kamar yaro. Ki yafe mini ranar rantsuwarki. Ban san nauyin abin da kika ɗauko ba sai yanzu.

Ina da roƙo. Malamaina huɗu wa'adinsu na cika baɗi, sun kuma ga katunanki a kan teburina. Za ki zo ki koya musu?

Ɗanki mai takardar shaida,
Anselmo

Somerton, 2 ga Yuni

Hedimasta,

Na yafe. Ina nan zuwa ran Asabar. A tanadar mini allo da alli, ka kuma gaya wa malaman naka ba na son makara.

Malama Eulalia