Ƴar na'urar da ke damtsena

Tanut, ranar Lahadi

Zuwa ga autata Zuhaira,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki, a can Tunis. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa albarka a aikinki na asibiti. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kai, yayarki Ramla ta sauka lafiya a Tarka, an samu namiji.

Zuhaira, maganar ƴar na'urar awon sukari ce, wadda kika sa aka dasa mini a damtse da na zo wurinku. Kin tuna likitan ya ce an lulluɓe ta da wani magani mai narkewa sannu a hankali don kada tsoka ta yi faɗa da ita, kuma in ya ƙare nama zai naɗe ta, ta daina faɗin gaskiya. To, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar sunan, salular da ke karanta na'urar ta nuna sukarina ya hau, na yi allurar sauke shi, ashe ƙasa yake. Ina cikin rabon goro na yanke jiki na faɗi. Babanki ne ya ɗura mini ruwan zuma har na farfaɗo. A asibitin nan suka huda yatsana suka auna, suka ce rigar na'urar ta gama narkewa, kuma cire ta sai Damagaram.

Ramla ta gaya mini kin ce in dawo a sa sabuwa, wadda rigarta ta fi daɗewa. Na san ƙauna ce, Allah Ya yi miki albarka. Amma na gaji, ƴata. Motar Yamai kaɗai sai da na yi kwanaki ban miƙe ba, balle jirgi da sanyin garinku, sannan ita ma sabuwar wata rana ta narke. In an gama girbi zan je Damagaram a cire wannan, in koma huda yatsa. Babanki ya koya. Wani lokaci sai ya soka sau biyu yana ba ni haƙuri, amma bai taɓa mantawa ba. Kada ki yi fushi da ni.

Ki gaida maigidanki Attahir da ƴar jikata Samira. Kawunki Ila na Belbeji yana gaishe ku.

Mahaifiyarki mai yi miki addu'a kullum,
Tabawa