Wallahu A'alamu a Takardar Lissafi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ciwon ƙafar?

Cikin takardun jarrabawar da muka duba, mun tarar da biyu da aka rufe kowace amsa da "Wallahu a'alamu". A lissafi fa, Yaya! Kaf sashenmu ɗalibi ɗaya ke yin haka, Autanki. Ɗaya tasa ce, ɗayar ta abokin ɗakinsa ce mai maimaita kwas ɗin bara. Auta ne ya shiga ya rubuta masa. Ya sauya rubutun hannu tsaf, wannan kalmar ce ta gagare shi bari.

Yaron da ke jan mu salla a masallacin ɗalibai, ni kawunsa ina bayansa! In ta tabbata kora ce, ga shi a shekarar ƙarshe. Abokin ya musa. Shugaban kwamitin bincike ya ce ba su da wata hujja, in Auta ya dafa Alƙur'ani ya ce ba shi ba ne, magana ta mutu.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki

Malam ƙanena,

Wa'alaikumus salam. Wace ƙafa kuma? Tun da na karanta ban zauna ba.

Na kira shi a waya. Wai, "Umma, taimako na yi, in ya sake faɗuwa sallamarsa za a yi. Sai da na yi istihara ma." Na ce istiharar gidanku! Yaron da ke yi mini wa'azi in na ce wa maƙwabciya ba ni da gishiri alhali akwai?

Amma ka ji ni. Tun rasuwar babansa a kan keken ɗinki na ƙare idona saboda karatun nan. Ka ce masa ni na ce ya rantse. Azumin kaffarar a wuyana, zan yi. Ban taɓa zaton bakina zai faɗi haka ba, ga shi ya faɗa.

Ka gaida iyali.
Yayarka

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na isar da saƙonki, kunya kamar ta kashe ni. Ya ce, "Kawu, rantsuwar ƙarya da gangan ba ta da kaffara."

Da aka ajiye Alƙur'anin a gaban kwamiti, ya nemi izini ya je ya yi alwala. Na ce shi ke nan, zai dafa. Ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Ni na rubuta."

Da la'asar muka yi ta jiran liman. Ashe Autan yana can sahun baya, kusa da takalma.

Gobe zai taho gida da kayansa. Allah Ya ba mu haƙuri.
Ƙaninki