Fuskar Abla Ta Ƙi Sauka

Unguwar Be, Lome
Farkon watan Maris

Zuwa ga mijina Selom,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi, kuma teku ba ta jijjiga ku da yawa. Yaya ɗakin inji da zafinsa? Yaya ƙafar nan da ka ce tana damunka? Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarka Dada tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci. Na ce mata ɗanta ko jirgi na nutsewa sai ya suɗe kwano.

Saƙonka ya iso. Na karanta na yi dariya, sannan na koma kicin na yi kuka. Wato tun da aka haifi 'yarka, abin da ka gani nata bai wuce saman hularta ba? Na san kwamfuta ɗaya ce gare ku a ɗakin cin abinci, kowa da ɗan lokacinsa, imel ɗinku kuma ba ya ɗaukar hoto sai rubutu zalla. Shi ya sa na sa hotunan a shafina na girke-girke, a wani lungu da babu mai adireshinsa sai kai, don Dada ta rantse ba za a baza fuskar jikarta a duniya ba kafin baftisma. Ni a ganina na yi dabara. Ashe a wurinku hoto daga sama yake saukowa, a hankali, kamar ana sauke labule. Ka ga silin, ka ga kalandar coci, ka ga ɗaurin ɗankwalin Dada gaba ɗayansa, da an zo goshin yarinya sai sabis ya ɗauke. Da na gaya wa Dada cewa ta yi, "To ai ya ga uwarsa, me kuma yake nema?"

Selom, taurin kanka zai kashe ni. Har yanzu yarinyar nan Abla kawai take, sunan da ranar Talata ta ba ta kyauta. Rabin 'yan matan layinmu Abla ne. Fasto ya sa baftisma ranar Lahadin Ista, kuma duk inda ya gan ni sai ya tambayi sunan da uba ya zaɓa. Kai kuma ka kafe ba za ka raɗa mata suna ba sai ka ga fuskarta, wai haka babanka ya yi maka. Babanka a ƙofar ɗaki yake zaune lokacin, ba a tsakiyar teku ba.

Ka ce in kwatanta maka ita. Na gwada, na goge. In na ce hancinka ne da ita, za ka hango hancinka ne, ba nata ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, in tana barci tana ɗaga gira ɗaya kamar an faɗa mata farashin da bai yi mata ba. Ina kewarka ƙwarai. Zan nemo hanyar da hoton zai iso.

Ka huta lafiya.
Taka har kullum,
Enyonam

---

Unguwar Be, Lome
Tsakiyar Maris

Mijina Selom,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina yi maka albishir: an gano ciwon, an kuma samo maganinsa. Dada na gaishe ka, Abla ma ta gaishe ka da gyatsa.

Ka tuna Tanti Sika, tela mai shago a bakin layi, wadda take sa hotunan ɗinkinta a intanet? Na kai mata kukana. Ta karɓi wayata ta duba, ta riƙe baki ta ce, "Ke Enyonam, wannan hoto ne ko buhun siminti? Haka kike ɗora wa bawan Allah kaya a kan ruwa?" Ashe hoto ma nauyi ne da shi. Yadda waya take ɗaukarsa, ya isa a buga shi a rufe bangon shago. Shekara da shekaru ina sa hotunan miyar gboma da soyayyen kifi a haka, masu karatu na ƙorafin shafina ba ya buɗewa da wuri, ni kuwa ina zagin kamfanin waya.

Ta nuna mini wani shafi na kyauta da ake rage girman hoto. Ka ɗora hoton, sai ya ba ka akwatuna biyu, ɗaya na faɗi ɗaya na tsayi, ka rubuta yadda kake so, ka danna, ya miƙo maka shi ya yi shafal. Ta gwada da hoton wata riga, kafin in ƙifta ido an gama. Sai masu karɓar ɗinki suka shigo, ta kore ni da cewa, "Je ki, ai ke 'yar boko ce."

Da na dawo gida na zauna na yi tunani irin na matar makaniki, za ka yi alfahari da ni. Na farko, na kwantar da Abla a kan farin zani na ɗauki fuskarta ita kaɗai. Babu silin, babu kalanda, babu ɗankwalin kowa. Na biyu, na ce tunda daga sama hoto yake saukowa, ai tsayi ne abokin gabarmu. In ya zama gajere, zai kai haɓa kafin sabis ya farga. Sai dai akwai wata 'yar sarƙa da aka zana tsakanin akwatunan nan biyu, duk lokacin da na rage tsayi sai ta rage faɗi ita ma, ba wanda ya aike ta. Raina ya ɓaci, na danna ta, ta tsinke. Daga nan na bar faɗin yadda yake, na raba tsayin biyu.

Ina cikin ɗora shi yarinya ta tsala ihu, miya kuma ta fara kamawa a kan wuta, ban ma tsaya na buɗe shafin ba. Amma ya hau, na ga alamar. Ka je ka duba. Ka kalle ta da kyau, ka aiko mini da suna, kada ka zaɓo irin tsofaffin sunayen ƙauyenku da sai an yi numfashi a tsakiya.

Allah ya tsare mini kai.
Matarka mai dabara,
Enyonam

---

Unguwar Be, Lome
Ƙarshen Maris

Selom, masoyina,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya, amma kafin komai: kada ka sauka daga jirgin nan. Koma wurin kyaftin yanzu ka ce ka janye maganar barin aiki. Abla lafiyarta ƙalau. Babu abin da ya same ta. Uwarta ce ke buƙatar a duba kanta.

Da na ji ka shiru kwana da kwanaki, na yi fushi, na ce wato ya ga 'yarsa bai ko ce uffan ba. Yau da safe saƙonka ya shigo, na fara karanta wa Dada da ƙarfi, sai muryata ta riƙa raguwa. Kana tambaya me likita ya ce game da kanta. Ko tana iya kama nono. Ko idanunta suna buɗewa duka. Ka ce yanzu ka gane abin da ya sa na yi ta sa hotuna daga nesa, kuma ba ka riƙe ni da komai ba, ka san ni kaɗai na ɗauki wannan nauyi ina tausayin gaya maka. Ka ce za ka sauka a tashar da za ku tsaya gaba, ko da kamfani ba zai sake ɗaukarka ba.

Dada ta ce, "Yaron nan zafin inji ya taɓa shi." Ni kuwa na yi maza na buɗe shafin.

Selom, na ga abin da ka gani. Fuska ta baje kamar an zauna a kan ƙullin burodi. Idanu sun zama tsaga biyu, baki ya tafi daga kunne zuwa kunne, goshi da haɓa sun kusa gaisawa. Kuma da yake na cire komai na bar farin zani, babu ko cokali a gefe da zai nuna maka cewa hoton ne ya lanƙwashe. Dada ta sa tabarau ta leƙa, ta ce, "Wannan kuma 'yar waye? Enyonam, tsakaninki da Allah, wannan kika aika wa ɗana?" Na ruga shagon Tanti Sika da yarinya a baya. Ta yi dariya har ta kifa kai a kan keken ɗinki. Ta ce, "Wa ya ce ki taɓa sarƙar? Ita ce ke riƙe da kamannin mutum! In kin rage tsayi dole faɗi ya bi shi. Ke in na rage miki tsayin riga na bar faɗin, za ki sa ta ki je coci?"

Na yi dariyar tare da ita, amma a hanyar dawowa hawaye nake yi, mutane na kallona. Ba kunya ce ta sa ni kuka ba. Ƙarshen saƙonka ne. Ka ce ka zauna gaban kwamfuta har lokacinka ya ƙare, wani abokin aikinka ya bar maka nasa, kana kallonta. Ka ce, "Na ga girar da kika faɗa. Kyakkyawa ce. Ki gaya wa fasto sunanta Akpene, don godiya nake yi, ba ƙorafi ba." Ka yi kwanaki kai kaɗai da wannan abu a zuciya, kana gyaran inji, ba ka da wanda za ka gaya wa. Ni na jawo maka, ka yafe mini.

Na sake rage hoton, sarƙa a ɗaure. Na buɗe na duba, Dada ta duba, Tanti Sika ta duba. Na sa hannuna a gefen kuncinta don ka gwada ka gani. Je ka duba, sannan ka je wurin kyaftin. A'a, fara zuwa wurin kyaftin.

Taka mai neman gafara,
Enyonam

---

Unguwar Be, Lome
Litinin bayan Ista

Zuwa ga baban Akpene,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kun yi Ista lafiya a kan ruwa. Yaya ƙafa? Ka daina ɓoye mini, na san ba ka shafa maganin. Mu nan sai godiya.

Hankalina ya kwanta da na ji kyaftin ya yaga takardarka. Ka ce da hoton ya buɗe gaba ɗaya a lokaci guda, ihun da ka yi ya sa mai dafa muku abinci ya fito da ludayi a hannu yana zaton gobara ce. Ka kuma ce in daina kiran kaina matar makaniki, wai ko almajirin gareji ya san ba a kwance abin da ba a san aikinsa ba. Na karɓa. Amma ka sani shafina yanzu gudu yake kamar ɗan acaɓa, na bi tsofaffin hotunan girki duk na rage su, har wata mai karatu ta rubuto tana tambaya ko na canja kamfani.

An yi baftisma jiya. Akpene ta yi shiru har aka zo zuba ruwa, sannan ta nuna wa coci duka cewa jikar Dada ce. Mun dafa wainar ablo da kaza, Tanti Sika ta ɗinka mata farar riga, tsayi da faɗi daidai, ta ce in tabbatar na gaya maka haka. Hotuna suna lungunmu, marasa nauyi, za su sauka har ƙafa.

Ka tambaya ko za a canja sunan, tunda a kan kuskure ka zaɓe shi. Dada ma ta so a sa sunan yayarta. Na ce a'a, kuma ka san ban cika yi wa Dada musu ba. Da na karanta mata ƙarshen saƙon nan naka sai ta share ido da bakin zani, ta ce, "A bar shi. Ashe na haifi mutum."

Ka kuma ce in goge wancan hoton kada yarinya ta girma ta gani ta kai mu ƙara. Ba zan goge ba, Selom. Na cire shi daga shafi, na kai an wanke mini shi a takarda, yana cikin akwatina ƙarƙashin zanin aurenmu. Aikinka na tafiya ne, za ka yi ta tafiya, kuma wata rana yarinyar nan za ta yi fushi ta tambaye ni ko babanta yana sonta da gaske. Kyawawan hotunanta kowa ya gani zai so ta, ba su zan ɗauko ba. Wancan zan ɗauko in ce mata, kin ga wannan? Ita ce fuskar da babanki ya gani, ya ce kyakkyawa ce, ya tashi zai bar jirgi ya taho gida.

Dada na gaishe ka. Akpene na barci, gira ɗaya a sama. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Enyonam